Ramin da Maharazu Ya Bari a Tsaye

Akwai wani saurayi a Bunkure, sunansa Maharazu. Da haƙar yashi suka tashi shi da yayansa Usaini, da shebur suke loda wa tifa a bayan gonakin shinkafa.

Mahaƙan wurin suna da al'ada. Duk ramin da aka gama ci, sai an kwantar masa da gefe ɗaya ya zama gangare, don ko ruwa ya cika shi, abin da ya faɗa ya samu mafita.

Da gine-gine suka yawaita a Kano, wani ɗan kwangila ya kawo katafila. Maharazu ya koyi tuƙi, ya hau. Abin da ƙarti suke yini suna haƙa, shi loma ɗaya yake yi masa. Kai ya fara rawa. Har tsokanar yayan yake, wai ya kai wa matarsa Sa'a shebur ɗin ta riƙa kwasar toka.

Ranar da ya gama wani rami, zurfi kamar rijiya, bango a tsaye, Usaini ya tare shi.

"Maharazu, kwantar da gefen nan kafin ka tashi. An kusa sakin ruwan kanal."

"Yaya, tifofi na jirana. Gobe ma rana ce."

Goben ba ta zo ba. Ruwa ya zo. Ya tsatso ta ƙasa ya cika ramin taf, ya kwanta luf kamar kududdufin wasan yara.

Wata rana karsanar Hammadu makiyayi ta zame ciki. Usaini yana gonarsa ya ji ihu, ya faɗa ruwan ya ɗaura mata igiya. Mutane suka taru suka jawo ta. Usaini kuwa duk inda ya kama sai yashi ya zube masa a hannu. Kafin a kwance igiyar a jefa masa, ruwan ya rufe shi.

Bayan sadakar uku Maharazu ya je ya kwantar da gefen ramin. Aikin bai kai tsawon shan koko ba. Ya kashe injin, ya daɗe bai sauko ba.

Da ya durƙusa gaban Sa'a, matar marigayin, ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya riga ya rubuta. Sannan ta nuna bayan ƙofa.

"Ga shebur ɗin can. Ban kwashi toka da shi ba."

Darasi: Inji yana ƙara wa hannu ƙarfi, ba ya ƙara wa kai hankali. In babba ya ce ka gyara yau, kada ka ce gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya bar nasa ramin a tsaye.