Wanda Ya Rufe Bawul Lokacin Azahar

An yi wani mutum, babban makanike a wata masana'anta da ake haɗa sinadarai. Aikinsa kula da famfunan da ke tura asid, dangin ruwan batir, daga wannan tanki zuwa wancan. Ya iya aiki, ba zan rage masa wannan ba. Amma zuciyarsa ba ta iya ganin wani ya ci gaba ta yi barci.

Ya 'yan uwa, asid ba ya jin kunyar ƙarfe. Famfon ƙarfe zalla, kafin a ankara ya mai da shi rariya. Shi ya sa masana'antar ta kawo wani sabon famfo mai riga ta ciki, wata farar roba mai santsi, 'yar uwar wadda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Asid ba ya cin wannan roba ko ya shekara a kanta. Lagonta ɗaya ne, kada a bar famfon ya juya babu ruwa a cikinsa. In ya juya a bushe zai yi zafi, robar ta tsage, asid ya sami hanyar ƙarfen da ke bayanta.

Mutumin nan ya riga ya sa a ransa shi za a ba famfon. Sai manaja ya ba ƙanin matar makaniken. Ƙanin matarsa fa, wanda shi da kansa ya nemo wa aikin, ya koya masa riƙe sifana, magidanci mai fara'a da ba ya wuce shi sai ya tsokane shi: "Yaya, in ka matsa mini a aiki zan kai ƙara wajen Yayata, yau ka kwana da yunwa." Da can makaniken dariya yake yi. Daga ranar da aka raba aikin, ko sallamarsa sai ya amsa da hanci.

Wata rana aka kira azahar, ma'aikata suka ajiye safar hannu suka nufi wurin alwala. Shi kuwa ya ce cikinsa na murɗa. Ku ji fa! Mutane sun sa goshi a ƙasa, shi ya sa hannu a bawul ɗin da ke shigar da ruwa cikin famfon, ya murɗe shi ruf. Famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya fara kuka kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Kafin a rugo a kashe shi, jikinsa ba ya taɓuwa don zafi.

Aka ga bawul a rufe, aka ce sakacin ƙanin matar ne. Ya rantse har da hawaye, ba wanda ya saurare shi. Aka mai da shi wajen lodin jarkoki a rana, aka miƙa wa makaniken famfon. Buri ya cika.

Sai injiniya ya ce, "Ko mu kira waɗanda suka ƙera shi su buɗe su duba robar?"

Nan ne ramin ya fara zurfi. Makaniken ya san in suka zo za su yi tambaya, wane lokaci, wa ke wurin, wa bai je salla ba. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na duba da kaina. Lafiyarsa lau."

Bai duba ba. Ina zai duba, alhali ya fi kowa sanin abin da zai gani?

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan azaba da ya saya da hannunsa. Kullum safe yana tsaye kusa da famfon da ya san ya tsage ta ciki. Fentin waje shuɗi fes, yana goge shi da tsumma, ƙarfen kuma yana cinyewa ta ƙarƙashi. In ya yi magana ya tona kansa, in ya yi shiru yana gadin ajalinsa. A gida matarsa tana zuba masa abinci tana cewa, "Don Allah ka sa baki a mai da ƙanina wurinsa, kai suna jin maganarka." Ya ce zai duba. Munafuki, har yana lashe yatsa!

Ran nan da hantsi ya hango wani ɗan gumi a gindin famfon, ɗigo ɗaya, fenti ya ɗan kumbura. Garkuwar fuskarsa na rataye a ƙusa can bakin ƙofa. Da ya je ɗauko ta, da abokan aiki sun tambaye shi me ya gani. Sai ya waiga dama da hagu, ya durƙusa, ya kai fuska kusa, ya danna wurin da babban yatsa don ya ji ko da sauran ƙwari.

Ƙarfen ya riga ya zama ɓawon ƙwai. Asid ya feso masa a ido.

Kun san wa ya jefar da jarka ya rugo, ya ja shi ƙarƙashin famfon ruwan wanka na gaggawa, ya buɗe masa ido da yatsunsa har nasa hannun ya sale? Ƙanin matar ne. Yana riƙe da kansa yana cewa, "Yaya, buɗe ido, ruwa ne, buɗe!" Shi kuwa cikin ihu da gigita, a gaban injiniya da ma'aikata duka, bakinsa ya faɗi abin da ya ɓoye: "Ni na rufe shi! Ni na rufe!"

Ido bai dawo ba. Aiki ya tafi. Matarsa da ta ji labari ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙanin da ya zalunta. Yau yana zaune a ƙofar ɗaki yana juya kai duk inda ya ji takun mutum, ba mai tsayawa.

To, kai da kake jin zafin ƙarin girman abokin aikinka, kake kwana kana juyi, me ka fi makaniken nan da shi? Hassada asid ce, tsoron Allah shi ne rigar da ke tsakaninta da zuciyarka. Ranar da ka tsaga rigar nan da hannunka, kada ka ruɗu da fes ɗin fuskarka, ci ya fara daga ciki. Kuma ƙarya ba ta tsaron kowa, kai za ka yi ta tsaronta har ta fashe maka a ido.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin 'yan uwanmu, ya hana hannuwanmu abin da za mu ji kunyar faɗa. Allah ya kiyaye mu.