Goron Galadima da Karofin Jatau

Na ji wannan labari a wani zaure da na taɓa sauka ina yawon karatu. Sunan garin ya kwanta mini, na sarkin ma haka, amma abin da ya faru ban manta ba.

A zamanin da, wani sarki ya ga bargarsa ta yi wa dawakinsa kaɗan. Ya umarci Galadima Mijinyawa ya nemo fili, amma kada a karɓi na kowa sai da yardarsa. A bayan bargar kuwa akwai karofin wani tsohon marini, Jatau, ramukan rini bakwai da ya gada daga kakansa. Galadima ya je da jama'arsa, ya miƙa masa goro, ya ce za a musanya masa da wani fili a bayan ganuwa. Jatau ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, bai ce uffan ba. Bayan kwana uku, ko huɗu ne, sai ga jakuna ɗauke da ƙasar cike ramuka.

Jatau ya kai kuka fada. Galadima ya ce ciniki ya riga ya faɗa, domin ya yi tayi gaban shaidu, mutum ya karɓi goro, bai kuma ce albarka ba, yadda mai ƙin tayi kan ce.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa mayar wa babba goro ba. Amma ban ce na sallama ba."

Waziri Bagudu ya roƙi a tsayar da jakunan zuwa gobe, sannan ya gana da sarki su biyu. Da la'asar sarki ya kira Galadima, ya ba shi goro, ya ce yana son dokin nan da Galadiman ya rena tun yana ɗan duƙushi, zai ba shi alfadari a madadinsa. Galadima ya sunkuya ya karɓi goron, ya kasa magana. Da safe 'yan barga suka je suka kwance dokin.

Galadima ya iso fada a ƙasa, yana haki. Ya ce shi fa bai amsa ba, nauyin sarki ne ya rufe masa baki.

Waziri ya ce, "Ka karɓi goro?"

"Na karɓa."

"Ka ce albarka?"

Galadima ya ce bai ce ba. Waziri ya bayyana wa fada cewa tayi na mai nema ne, amsa kuwa ta mai abu ce, kuma sai ya furta ta da bakinsa a kan abin da aka taya. Goron gaisuwa ba ya sayen komai.

Sarki ya sa aka mayar da doki, ya umarci Galadima ya kwashe ƙasar da aka zuba. Sannan ya juya ga marinin da kansa, ba goro a hannunsa, ya maimaita tayin, ya ce ya faɗi abin da ke ransa.

Jatau ya dubi hannuwansa da shuni ya rine, ya ce, "Albarka, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi murmushi. A filin nan na bayan ganuwa aka gina sabuwar bargar.