Yaɓen da Ya Rufe Abincin Kukar Magina

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta hana ku tashi da wuri.

A garin Kukar Magina akwai wani tsohon soro da aka mayar gidan tarihi. Ba wasu kayan kirki ne a ciki ba: takubba biyu, tsohuwar masaƙa, sai 'yan tukwane. Abin da ke jawo mutane shi ne bangon zauren, wanda maginan dauri suka yi wa zane mai tudu da kwari tun daga ƙasa har rufi. Saboda bangon nan motocin ɗalibai ke zuwa, masu waina su sayar, 'yan acaɓa su samu fasinja, samarin da a da ke tafiya cin rani suka zauna gida. Makullin gidan kuwa yana hannun Malam Jatau, tsohon malamin makaranta, mutumin da ko ƙuda ya sauka a bangon sai ya tashi ya kore shi.

Wata Litinin a tsakiyar bazara Malam Jatau ya tafi birni a duba masa ido, ya bar makulli wurin mai unguwa. Bayan tafiyarsa saƙo ya iso cewa ranar Asabar manyan baƙi za su zo su ga gidan, su yanke ko za a ci gaba da turo makarantu. Kun dai san halinmu, in babban baƙo zai zo, sai an yi wa gida sabon yaɓe. Nan da nan aka kira gayya.

Ranar Laraba da hantsi ya dawo, aka tarye shi da kiɗa. Ya shiga zaure, ya ga bango sumul kamar bayan ƙwarya. Ya ɗauka maganin da aka ɗiga masa a ido ne, ya murza, ya sake dubawa. Ya kai hannu, yatsansa ya nutse cikin ɗanyar laka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ina zanen?"

"Ai ya tsufa, Malam, duk ya yi ƙura," in ji mai unguwa. "Mun rufe shi kada mu ji kunya gaban baƙi."

Malam Jatau ya zauna daɓas a ƙasa. Makaɗi ya sauke gangarsa. Sai a lokacin wata mai waina ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, mun binne abincinmu da hannunmu!"

Na farkon da ya motsa shi ne Barau ɗan garuwa. Ya san in laka ta bushe, ba za ta fita ba sai ta tafi da zanen da ke ƙarƙashinta. Ya tattaro buhunan algarara, ya jiƙa, ya lulluɓe bangon. Rijiyoyin gari sun ƙafe, sai rafi mai nisa, amma kwana uku yana safa da marwa cikin rana mai ƙona ƙafa, har kafaɗarsa ta saɓule. Ba don shi ba, kafin la'asar da bangon ya zama dutse.

Ta biyu ita ce Tabawa mai zanen ƙwarya. Shekara ashirin tana zama a zauren nan tana kwaikwayon zanen bangon a kan ƙoran da take sayar wa baƙi, har ta san kowace lanƙwasa kamar hanyar ɗakinta. Ko hoto akwai, hoto ba ya faɗin zurfi. Ita ta tsaya da tsinke tana shata layi a kan lakar, tana cewa nan tudu ne, nan kwari, nan a bi a hankali akwai tsohuwar tsaga.

Na uku shi ne Nomau magini, wanda tsufa ya sa aka daina kiransa aiki. Ya hana a kawo ƙarfe kusa da bangon. Ya fere ɓawon kara, ya riƙa ɓare lakar kaɗan-kaɗan yana bin layin Tabawa, inda tsohon zane ya gutsure ya kwaɓa ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya mayar. Duk garin babu wani mai hannu irin nasa.

Ranar Asabar baƙi suka zo, suka tsaya baki buɗe, suka ce wannan gida ba za a daina turo masa yara ba. Gari ya yi ajiyar zuciya.

Amma Malam Jatau bai koma daidai ba. Ya ce shi kam ya gaji da riƙon gidan, zai miƙa makulli ga ɗaya daga cikin ukun nan. Kafin ya zaɓa, ya tambayi mai unguwa yadda aka yi gayyar. Abin da ya ji ya fi na farko girgiza shi. Ashe Barau ne ya kawo ruwan kwaɓa lakar, bai tambayi inda za a shafa ba. Nomau ne ya kwaɓa ta, ya ɗauka ta katangar waje ce, ya tafi ya kwanta. Tabawa kuwa ita ta yi tuwon gayya, yini guda tana gindin murhu ba ta leƙa zauren ba.

Ya dubi ukun suna zaune gabansa, kowa kansa a sunkuye, makulli a tafin hannunsa ya rasa wanda zai miƙa wa.

To jama'a, kowannensu ya sa hannu a ɓarna, kowannensu kuma in babu shi da bangon ya tafi. Wa za ku damƙa wa makullin nan ku yi tafiya hankalinku kwance?