Ranar da Biri Ya Raba wa Kwamfutoci Aiki

Wata rana rani ya matsa wa dabbobin wani daji, tafkuna suka fara ƙafewa. Shaho ya tashi sama ya ɗauko hotunan dajin kaf, don a gano inda ruwa ya rage a koma can.

Hotunan sun fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai Kunkuru sarkin nawa ya jona kwamfutocin dajin da waya.

"Kamar gayya za a yi," in ji shi. "Kowace a ba ta nata yankin ta duba, sannan a haɗa amsoshinsu."

"Haba Baba Kunkuru, kafin ka gama rabon nan ai mun zama kilishi!" in ji Biri mai cika baki. "Matsa ka ga aiki."

Biri na cikin dubawa sai ya ci karo da hoton gidansa. Ga shi kwance a kan kanya, ga ɗan kududdufinsa a ƙasa.

"Kai, na yi kyau! Wannan bai kamata kwamfuta ɗaya ta gani ita kaɗai ba."

Ya tura wa kowace kwamfuta hoton nan, ya manta da sauran.

Nan take aiki ya ƙare. Giwa, wadda abu kaɗan ke ruɗa ta, ta matso.

"Ina ruwa a gabas?"

"Gindin kanya," in ji kwamfuta ta farko.

"A yamma fa?"

"Gindin kanya," in ji ta biyu.

"Ikon Allah! Kanyar nan yawo take yi?"

"Inna Giwa, dukkansu bakinsu ɗaya, ke ce za ki musa?" in ji Biri, yana bugun ƙirji.

Sai da ya ga dabbobin dajin duka sun nufi ƙofar gidansa sannan ya gane ɓarnar da ya yi. Giwa ta zuƙe kududdufin a zuƙa ɗaya. Waɗanda ba su samu ba suka huce a kan kanya, ko ganye ba su bari ba.

Kunkuru ya sake rabo a hankali, aka gano babban tafki a kudu.

"To wace kwamfuta ce ta yi ƙarya?" in ji Giwa a hanya.

"Babu, Inna. Abin da aka nuna musu suka faɗa."

Biri na can baya, ba gida, ba kanya, bakinsa a bushe.

Darasin wannan labari shi ne, in ka ga baki ya zo ɗaya, tambayi abin da aka nuna wa kowa. Kuma mai rabon aiki ya cire hotonsa daga ciki.