Makullin Lambun Malam Barau

Ku gyara zama, ku rage surutun nan. Rana ta yi sanyi, da sauran lokaci kafin magariba, kuma ina da wata magana da zan ajiye a gabanku. Ni labari kawai zan ba ku, hukunci naku ne.

A wani gari da ake kira Kwarin Gamji an yi wani mutum, Malam Barau, malamin daji. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo cikin dazuzzuka yana kallon itatuwa suna ƙarewa. Inda ya bar kurmi bara, bana sai ya tarar da gawayi a buhuna. Duk inda ya bi sai ya tsinci iri ya jefa a aljihu. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, ya roƙi mai gari wani fili a bayan gari, gefen wata tsohuwar rijiya. Ya ce ba don kansa yake roƙo ba, don gari ne. Aka ba shi.

A nan ya shuka abin da ya tsinto: marke da ƙirya, madaci da taura, tsada, ɗinya, kanya, gawasa, da hano mai ƙamshi. Ƙarƙashinsu kuma fangali-fangali na ƙananan tsirran magani, waɗanda kakanninmu suka sani mu muka manta. Na shiga wurin da ƙafata lokacin yana kan ganiyarsa. Kana tura ƙyauren kara sai hayaniyar gari ta tsaya a bayanka. Haske yana gangarowa ta tsakanin ganye a hankali, kore-kore, ya sauka a bayan hannunka da sanyi. Tsuntsayen da aka daina jin kukansu a ƙasar duk can suka tare. Ungozoma takan shigo ta tsinki ganyenta, malamai su kawo ɗalibai su koya musu sunayen itatuwa, tsofaffi su shimfiɗa buzu su yi barcin rana har su yi mafarkin ƙauyukan da suka baro suna yara. Ba wanda ake ce wa ya biya komai.

Amma lambu ci yake yi. Yana son shinge, yana son ruwa, yana son mai tsaro. Da ɗan fanshonsa Malam Barau yake riƙe da shi, ba wanda ya taɓa tambaya. Da Allah ya yi masa rasuwa sai abin ya fito fili. Aka yi taro, aka kafa kwamiti, manyan baƙi suka zo suka ɗauki hoto a gindin marke, suka yi alkawari, suka tafi. Shinge ya kwanta, awaki suka sami hanya. Damina ta zo a makare ta ɗauke da wuri, rijiya ta janye ruwanta har guga ta koma fitowa da laka. Ana cikin haka sai ga saƙo daga ƙaramar hukuma: tashar mota ta yi wa gari kaɗan, za a mayar da ita wannan fili, tunda babu takarda a kansa, kuma a ganinsu ya riga ya zama kango.

Malam Barau ya bar 'ya'ya uku. Ɗantani shi ne babba, manomi. Sai Turai, malamar makaranta. Sai autansu Nomau, mai amalanken shanu, yana dakon kaya ranar kasuwa. Suka haɗu a gindin madaci.

Turai ta ce, "Yaya, in muka zuba ido, baɗi war haka kiran fasinja ake yi a nan inda muke zaune."

Ɗantani ya ce, "To, kowa ya kama inda hannunsa zai kai."

Nomau kuwa wani ganye ya taɓa, ganyen ya murmushe a tafin hannunsa.

Ɗantani yana da gona a bakin titi, ita ce gadonsa, ita ce kuma mafi albarka a yankin. Da ita yake ciyar da gidansa. Ya je gaban mai gari da mutanen hukuma ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tasha ai bakin titi take so. Ku ɗauki gonata, ku bar wa gari lambunsa. Roƙona ɗaya, a yi wa lambun takarda da sunan gari, don kada gobe wani ya sake ɗaga ido a kansa." Aka amince. A madadin gonar aka yanka masa wani fako can nesa, ƙasa mai tsakuwa wadda ko ƙaya da ƙyar take tsira a kai. Da ya koma gida matarsa ta ce, "Maigida, yaran nan inuwa za su ci?" Shekarar nan rumbunsa ko rabi bai kai ba. Mutumin da ake zuwa ƙofarsa neman hatsi, aka gan shi a kasuwa yana awo da kwano. Wani lokaci yakan tsaya a gefen sabuwar tasha, ya dubi inda dawarsa take kaɗawa a da, ya ga motoci a jere, ya juya ya tafi.

Nomau kuwa ya bar dakon kasuwa, ya ɗora durom-durom a amalanke. Gulbin da ke kusa ya zama yashi, sai an tona rami an jira ruwa ya tsatso. Haka yake tonawa, ya cika, ya koro shanunsa biyu cikin zafin bazara, ya juye, ya koma. Ya binne tsofaffin tuluna a gindin itatuwa yana cika su, ruwa yana zufa a hankali zuwa saiwa. Ruwan ba ya isar kowa, dole ya zaɓa. Ya tattara irin ƙananan tsirran maganin ya adana, ya tsuguna a gaban fangalinsu ya ce su yafe masa, ya bar su suka bushe, ya ba manyan itatuwa rabonsu. Mutane suka ce autan Barau ya taɓu, da itace yake hira. Shi kuwa ya ce da rana tsaka, idan hanya ta fara rawa da kawalwalniya, yakan hango mahaifinsu a gaban amalanke, da 'yar hularsa ta kaba, yana tafiya bai waiwaya ba, shi kuma yana biye. Ɗaya daga cikin shanunsa ya faɗi a kan hanyar nan bai sake tashi ba. Nomau ya sa kafaɗarsa a gurbin san, suka ci gaba da jan amalanken, shi da ɗayan. Bazara ta wuce, ko babban itace ɗaya bai mutu ba.

Ita kuma Turai ta ɗauki hutun da ba albashi ta shiga birni. Ta zauna a bencin ofisoshi har masu gadi suka san ta. Wannan ya ce ta dawo gobe, wancan ya ce bana ba a ware wa itatuwa komai ba. A ƙarshe ta dace da wata ƙungiya mai tallafa wa dashen itatuwa. Suka saurare ta, amma suka kafa sharaɗi: sai gari ya fara kawo nasa kason, kuma sai lambun ya nuna yadda zai riƙa ciyar da kansa bayan sun janye hannu. Ta dawo ta bi gida-gida. Ba kan masu kuɗi ta fara ba, matan cikin gida ta nufa. Wata ta ba da kwanon gyaɗa, wata kaza, wasu suka sadaukar da ɗaukar adashinsu. Ita Turai ta cire 'yan kunnen gwal ɗin aurenta ta ɗora a kai, ganin haka maza suka ji kunya suka fito da nasu. Sannan ta yarda da abin da ta san mahaifinta ba zai so ba: a ware kusurwa ɗaya a riƙa renon dashe ana sayarwa, baƙi daga wasu garuruwa kuma su biya wani abu a ƙofa. Wasu dattawa suka daina amsa gaisuwarta, suka ce 'yar Barau ta sa wa inuwa farashi. Kafin ta koma makaranta, an ba wata malama shugabancin makarantar da aka daɗe ana cewa nata ne.

Mutanen ƙungiyar suka zo duba wurin. Abin da suka fara tambaya, filin na wane ne? Aka nuna musu cewa na gari ne, ba mai iya taɓa shi. Suka shiga ciki. Ƙasar ko'ina ta ƙone, amma a nan ga itatuwa tsaye da ganyensu. Babbar cikinsu ta dafa jikin wani marke, ta ce za su yi. Lokacin kuwa ƙarfin Nomau ya ƙare, san da ya rage yana ɗingishi. Da an sake wata bazarar a haka, da ba abin da zai saura.

Aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka zagaye lambu da waya, aka sa wa mai tsaro albashi. Ranar da ruwan ya fara fitowa, da hantsi ne. Ya bi ƙananan hanyoyin da aka tsaga masa yana sheƙi, yana tsayawa a gindin kowane itace kamar mai gaisuwa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya shiga gari, mata suka fito da ludayi a hannu suna tambayar ko hadari ne ya haɗo. Aka mayar da irin da Nomau ya adana cikin fangali. Da damina ta sauka, taura da ɗinya suka yi fure tare, ƙudan zuma suka dawo, guɗarsu tana tashi ƙasa-ƙasa tun daga safe, har mai wucewa ta bayan waya yakan rage tafiya bai san ya rage ba.

Sai maganar makulli ta taso. An yi wa lambu ƙofar ƙarfe, kuma ana son mutum ɗaya ya riƙe makullin, ya zauna a gurbin Malam Barau, maganarsa ta zama ta ƙarshe a kan abin da za a dasa da abin da za a sare. Mai gari ya tara jama'a a cikin lambun, ya ɗaga makullin sama.

Manoma suka ce a ba Ɗantani. Ba don shi ba, da ruwan Nomau da kuɗin Turai a kan kwaltar tasha za su zuba.

Masu amalanke da matasa suka ce a ba Nomau. Ba don shi ba, da filin da aka ceto makabartar itatuwa ce, baƙin nan kuma da ba su ga abin taimakawa ba.

Mata suka ce a ba Turai. Ba don ita ba, da Ɗantani ya rasa gonarsa a banza, Nomau ya bi sansa, lambun kuma ya mutu baɗi maimakon bana.

Su ukun suna zaune gefe guda, kowa kansa a sunkuye, ba wanda ya ce ni ne, ba kuma wanda ya ce ba ni ba ne. Mai gari ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi waccan. Hannunsa ya gaji, ya sauke makullin a kan cinyarsa.

To, ga shi na kawo muku. Kada wani ya ce mini a ba babba don girmansa, ko a hana Turai don mace ce, ko a raba makulli uku, ba a kan wannan muke ba. Wanda ya ba da ƙasarsa, da wanda ya ba da ƙarfinsa, da wadda ta ba da mutuncinta a idon gari: a tafin hannun wa za ku sa makullin nan?