Gwazarma a Lambun Sarki Jatau

A zamanin da an yi wani sarki mai suna Jatau. Bayan fadarsa akwai lambu wanda mahaifinsa ya dasa, da lemo da rumman da lalle, ga ciyawa shimfiɗe kamar darduma. Mutanen garin sun yi imani cewa muddin lambun nan yana kore, sarauta tana nan daram.

Wata damina sai ciyawa ta fara yin ja. Albasa ta kwanta, lalle ya zubar da ganye, alhali ruwa bai yanke ba. Kowace safiya kuma sai a tarar da ƙananan ramuka ko'ina a lambun.

Shamaki Nomau, mai kula da bargar sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rami ba ya haƙa kansa. Sammu ake binne maka. Wa zai ci riba in lambu ya mutu? Ni dai ban ambaci kowa ba."

Bai ambata ba, amma duk fada ta dubi Ciroma Barau, ƙanin sarki, wanda shi ne mai jiran gado.

Sarki ya sa aka toshe rariyar da ke gindin katanga, aka zuba dogarai, aka ce ko tsuntsu ya sauka a jefe shi. Ramuka suka daina. Lambu kuwa ya ƙara lalacewa fiye da da.

Shamaki ya ce, "Ka gani, Zaki? Ya riga ya gama binnewa."

Aka tuɓe rawanin Ciroma, aka tsare shi a gidansa. Sarki ya yanke cewa ranar Juma'a za a raka shi bakin iyaka, kada ya sake taka ƙasar ubansa. Duk wannan ana yi, ba wanda ya tona ƙasar lambun ya duba. Kowa na tsoron wanda ya taɓa sammu hannunsa ya shanye.

Waziri Mijinyawa tsoho ne, ba ya yawan magana a fada. Ran Alhamis ya ce, "Ranka ya daɗe, za a kori Ciroma, abin da ya binne kuma a bar mana shi?"

Sarki ya ce, "Wa zai tono? Kai?"

"Ni da ciwon baya? Wanda ya binne shi ya tono. In sammu ne, kansa zai koma, ka huta da raka shi iyaka."

Wannan ya yi wa sarki daɗi. Aka kawo Ciroma ba rawani, aka miƙa masa fartanya. Fadawa suka ja baya can gindin katanga, Shamaki ya fi kowa nisa.

Ciroma ya dubi sarki ya ce, "Yaya, ban binne kome ba, amma zan tona." Ya kama ciyawa zai share wuri, sai ta taso gaba ɗaya kamar an naɗe tabarma, ba saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashinta ga tsutsotsin gwazarma farare fat, masu jan kai, ƙiba-ƙiba kamar babban yatsa, kowace ta lanƙwashe. Ya sara gindin lalle, su ne. Ya sara gindin albasa, su ne.

Shamaki ya ɗaga murya daga inda yake, ya ce, "Ai su ne sammun! Ya rikiɗa!"

Waziri ya ce, "Mai yiwuwa. A gwada. Ina da zabbi a gida. In suka ci suka mutu, asarata ce, kuma Shamaki ya yi gaskiya."

Aka koro zabbi. Suka afka wa wurin suna tono suna haɗiya, har suna faɗa da juna. Aka zauna ana jiran su mutu. Rana ta take, ba wadda ta ko yi layi. Ɗaya ma ta shiga gindin rumman ta yi ƙwai.

Sarki ya ce, "To ramukan fa, wa ya haƙa?"

Waziri ya sa aka buɗe rariya. Bakinta na waje duk sawun bushiya ne. Ya ce, "Ga masu haƙar. Abincinsu suke shigowa nema. Da su da tsuntsaye suna yi maka aiki ba lada, ka sa aka kore su. Saura mu san ta ina gwazarma ta shigo. Buzuzu ne ke haifar ta, kuma a danyen taki yake zuba ƙwai. Wa ke kawo taki lambun nan?"

Ashe Shamaki ne. Tun bara yake kwaso kashin barga da ɗuminsa yana jibgewa a lambu don a yaba masa. Aka je barga, Ciroma ya sara jujin taki sau ɗaya, gwazarma ta zubo.

Sarki ya sa aka kawo rawanin Ciroma. Sannan ya tashi, ya karɓa, ya naɗa wa ƙaninsa da hannunsa. Ya ce, "Barau, na zalunce ka. Faɗi abin da kake so a yi wa Nomau."

Ciroma ya miƙa wa Shamaki fartanyar, ya ce, "Tunda yanzu ya san ba ta shanye hannu, ya riƙe."

Haka aka yi. Shamaki ya kifar da ƙasar lambun kaf, rana ta ƙona abin da ta samu, zabbi na bin bayansa suna tsince saura. Sarki ya kafa doka: taki ba ya shiga lambu sai ya ruɓe ya huce, rariya ba a toshe ta, kuma ba a sake yanke wa mutum hukunci a kan abin da ke cikin ƙasa sai an tona an gani.

Damina ta gaba lalle ya tofo. Shamaki kuwa har ya tsufa, in zabbi suka hango shi a kasuwa sai su biyo shi. Abin da na sani game da lambun nan ke nan.