Maharbin da Bai Ɗanɗana Gishirinsa Ba

Tun ƙasar Sin tana rarrabe a hannun sarakuna barkatai, akwai wani lardi a tsakanin duwatsun yamma da Allah ya ba shi shinkafa, ya hana shi gishiri. Mutane suna cin lami har ƙarfinsu ya ƙare. A nan aka yi maharbi Lo Can, Gagara-daji, mai bin sawu a kan dutse. Mahaifiyarsa tana kwance, masu magani sun ce gishiri kaɗai zai tashe ta.

Wata rana ya bi wata farar barewa, wadda aka ce kibiya ba ta kama ta, har gindin wani tsauni. Ya tarar tana lasar ƙasa. Shi ma ya lasa, ya ji gishiri. Ya saro gora, ya ɗaura mata ƙarfe a baki, ya fara haƙa.

Sai dattawa suka taso. Wai tsaunin makwancin kakanni ne, ba a huda shi sai mai duba ya zaɓi wuri da rana. Mai duba ya zaɓa, Lo Can ya haƙa har damina ta wuce, ko laima bai gani ba. Aka sake zaɓa, aka kuma sakewa. Kai, abin takaici! Ga wurin barewa a fili, amma kullum sai a ce masa ranar ba ta yi ba.

Da abin ya ishe shi, ya tsaya gaban babban dattawan ya ce, "Baba, kakanninmu sun riga sun kwanta. Uwata kuwa da sauran numfashinta."

Dattijon ya ce ya ƙara haƙuri. Bai ƙara ba. Ya koma wurin farko shi kaɗai, yana sara yana huci, har ruwan gishiri ya ɓullo. Ya dafa shi ya ƙafe, ya ƙulle farin gishirin a ganye, ya gangaro gida a guje. Tun daga nesa ya hango fararen tufafin makoki a ƙofarsu.

A al'adarsu kuwa, wanda uwarsa ta rasu shekara uku yake yi yana shan kunu ba gishiri. Gari ya kafu a bakin rijiyar da ya haƙa, fatake suka cika shi, dattawan nan suka fi kowa zambaɗa gishiri a miya. Lo Can yana bukka kusa da kabari, ransa a ɓace, kuma bai kai ƙarshen makokin ba shi ma ya rasu.

Har yau, in ji masu ba da labarin, duk shekara in ranar ɓullowar ruwan ta zagayo, ba a sa gishiri a tukunya a garin. Kowane gida lami ake ci, kuma ba mai iya kallon idon wani don kunyar abin da aka yi wa Lo Can.